Bin Diddigin Asalin Baba ta Karo

Wanda duk ya tashi neman asalin mace Bahaushiya ta zamanin Turawa zai tarar takardun hukuma ba sa kai shi nesa, domin sun fi kula da sarakuna da masu gida da ke biyan haraji. Ganin haka, sai manazarci ya koma ga bakin ita macen.

Misali shi ne Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a ƙasar Kano, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarinta a Giwa da Zariya, aka buga shi da Turanci a 1954. Daga bakinta aka san kakanninta Barebari ne, mahaifinta Tsoho malami ne kuma manomi, gidansu yana da rinji. Ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi.

Wato da ta hanyar 'ya'ya kaɗai ake bin salsala, da sunan Baba ya ɓata. Don haka wajibi ne ɗalibai su nemi tsofaffi mata su rubuta abin da suka sani tun suna raye.