Hawaye a kan abin da bai faru ba: tambayar Radford da ƴan kallon Mother India

A shekara ta 1975 wani masanin falsafa na Ingila, Colin Radford, ya kawo wata matsala wadda a Faransanci ake kira paradoxe de la fiction. Mutum ba ya jin tausayin wani sai ya yarda cewa wahalar ta auku da gaske. Mai karatu kuwa ya san ba a taɓa yin Anna Karenina ba, amma yana kukan mutuwarta. Radford ya ce kukan nan ya saɓa wa hankali.

Muna so mu gwada wannan magana a kan misali na kusa da mu. Tun shekarun 1950 ƴan kasuwa Labanawa suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka kama zuciyar jama'a kamar Mother India na Mehboob Khan (1957). Ƴan kallon ba su jin Indiyanci. Sun san Nargis ƴar wasa ce, wasu ma sun ga fim ɗin har sun haddace shi. Duk da haka in an zo wurin da Radha ta harbe ɗanta Birju, don ya sace ɗiyar mai ba da bashi, sai idanu su cika.

Kendall Walton, a 1978, ya amsa cewa wannan kamar wasan yara ne: ɗan kallo yana yin kamar yana jin tsoro ko tausayi, alhali abin da yake ji kwaikwayo ne. Mu dai amsar ba ta gamsar da mu ba. Mun fi karkata ga Peter Lamarque (1981), wanda ya nuna cewa tunani kaɗai ya isa ya motsa zuciya, ko da ba a gaskata shi ba. Bahaushe ya daɗe da sanin haka: mai tatsuniya yakan rufe da amsa cewa ƙarya ya shirya, amma wannan bai hana yara tsoron Dodo ba.

Sai dai ba kowane tunani ke sa kuka ba, kuma nan ne misalinmu yake da amfani. Labarin Radha labarin bashi ne. Surukarta ta ci bashi don bikin aure, mai kuɗin, Sukhilala, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, miji ya rasa hannuwansa ya bar gida, mace ta ja garma da kanta. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da damana don ya biya da kaka ba ya bukatar tafinta a nan. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a 1997 cewa abin da ya jawo Hausawa ga finafinan Indiya shi ne sun ga rigimar da suka sani, ta soyayya da biyayya ga iyaye, a wata ƙasa da ba Turai ba.

Saboda haka muna ganin Radford ya yi kuskure wajen tantance wanda ake wa kukan. Radha ba ta wanzu ba, amma bashin da mai bin sa suna nan cikin gari, kuma ɗan kallo zai iya cin karo da su a kasuwa washegari.