MALAMAI BIYU DA SUKA TSARE TARIHIN ABUJA

Duk wanda ya taso daga Ikko ko Badun da mota za shi gida Arewa, in ya biyo ta Lakwaja, galibi ya kan ratsa Zuba, ya ga Dutsen Zuma tsaye a bakin hanya. In ya isa gida sai ya ce ai ya wuce ta Abuja. To, amma da za a tambaye shi wane ne Abu, kuma me ya sa aka ce da shi Ja, da wuya ya ba da amsa. Dalilin da ya sa amsar ba ta ɓace ba kuwa, shi ne aikin waɗansu malamai biyu, watau Malam Hassan Sarkin Ruwan Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi.

Malam Hassan ɗan gidan sarauta ne, ɗan'uwan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944. Malam Shu'aibu kuwa malamin makaranta ne, a lokacin shi ne Muƙaddamin Makarantar Bida. Sun tashi cikin aikinsu a kan gaɓa, gama a zamanin nan akwai sauran dattawan da suka ga mulkin garin da idonsu tun kafin Turawa su shiga a 1902. Abin da dattawa suka riƙe da ka, su kuma suka sa shi a takarda.

A 1952 Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga musu littattafai biyu da Hausa: Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, da kuma Tarihi da Al'adun Haɓe na Abuja. Cikin shekarar nan kuma aka buga fassararsu da Turanci a Badun, wadda wani Bature Frank Heath ya yi, aka sa mata suna A Chronicle of Abuja. Aka sake buga ta a Ikko a 1962.

GARIN 'YAN ƘAURA

Labarin da suka bayar labarin mutane ne da suka bar gida ba da son ransu ba. Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ya fita bayan gari sallar idi, sai Malam Musa da mutanensa suka auka wa birnin. Makau bai sami komawa fada ba. Ya yi kudu da jama'arsa, har ya sauka Zuba, ƙasar Koro. Bai daina yaƙi ba, sai da aka kashe shi a Lapai a 1825.

Ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi. Mutum ne mai hasken fata, shi ya sa a ke ce masa Abu Ja. A 1828 ya kafa gari, garin ya ci sunansa. Bayansa aka yi Abu Kwaka, da Ibrahim Iyalai, da Muhammadu Gani, da Musa Angulu, sa'an nan Sulaimanu Barau. Sarakunan Zariya sun kai wa garin hari, amma ba su ci shi ba. Kuma ko da ya ke mutanen Abuja sun bar Zazzau, ba su bar sunanta ba: Sarkin Zazzau su ke kiran sarkinsu, har wa yau kuwa haka abin ya ke.

Kalmar nan Haɓe da ke bangon littattafan, asalinta Fillanci ce. Jam'in Kaɗo ce, watau wanda ba Bafillace ba. Da ita a ke bambanta tsofaffin gidajen sarautar Hausa da waɗanda suka zo bayan jihadi.

KALMA DA MA'ANARTA

Malaman nan ba su tsaya ga jera sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai ba. Sun bi sarautun fada ɗaya bayan ɗaya, suka faɗi aikin kowa da matsayinsa. Nan ne aikinsu ya fi daraja, don kuwa suna ya kan daɗe alhali ma'anarsa ta sauya, kowa bai lura ba.

Ga misali. A tsohon tsari manyan fada huɗu ne a ke kira rukuni: Madawaki, da Galadima, da Wambai, da Dallatu. Madawaki shi ne shugaban yaƙi, sauran ukun kuwa babanni ne. Iya da Sarauniya sarautun mata ne. A Zariya ta bayan jihadi sunayen nan ba su ɓace ba, amma masu riƙe da su sun sauya. 'Ya'yan sarki da waɗansu manya suka shiga wuraren babanni, sarautar Iya ma ta koma hannun maza. Wanda ya ji ana cewa Iyan Zazzau yau, ba zai taɓa zaton dā can mace ce ke riƙe da ita ba.

Shi ya sa da masanin nan M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya yi bincike a Zariya a 1949 da 1950, ya dogara ƙwarai da littattafan malaman nan biyu. Da su ya gwada yadda mulkin Zazzau ya ke kafin jihadi da yadda ya koma bayansa, cikin littafinsa Government in Zazzau na 1960. Ta hanyarsa sunan Malam Hassan da Malam Shu'aibu ya shiga jami'o'in duniya.

Ba a ce aikin ba shi da gyara ba. Sun sa fitar Makau a 1804, masana na baya kuwa da suka duba rubuce-rubucen Larabci na Sakkwato suka ce a 1808 ne Zariya ta faɗi. Kuma labarin daga bakin fada ya fito. Amma su da kansu ba su manta da maƙwabta ba, gama a 1969 an buga musu wani littafi a Badun a kan Gwari da Gade da Koro, mutanen da Makau ya tarar a ƙasar. Abin da aka rubuta shi a ke iya gyarawa, wanda ba a rubuta ba kuwa ya bi mai shi kushewa.

SUNA YA TASHI

Shekara 24 bayan fitowar littattafan, abin da ba wanda ya zata ya auku. Ran 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanki ƙasa daga Jihohin Neja da Filato da Kwara, aka ba sabon birnin sunan Abuja. Tsohon garin ya zauna cikin Jihar Neja, aka sake masa suna Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya rasu a 1979. Ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma can.

Yau in an ce Abuja, sai hankali ya tafi ga fadar shugaban ƙasa da manyan tituna. Da malaman nan sun yi jinkiri, da dattawan sun tafi, sunan kuma ya bi bayansu, a bar Abu Ja ba mai tuna shi.

Wannan kuwa abin lura ne ga 'yan Arewa mazauna Kudu. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, amma sanannen littafin da ya ba da labarinta wani baƙo ne, Abner Cohen, ya rubuta shi da Turanci a 1969. A Agege da Idi-Araba da Shagamu akwai sarakunan Hausawa, akwai limamai, akwai fataken goro da dillalan shanu da suka san wanda ya fara sauka da wanda ya gina masallacin farko. Kowace shekara kuma raguwa su ke yi. Malam Hassan da Malam Shu'aibu ba su jira wani ya zo daga waje ba, kuma da harshensu suka rubuta. Kowane zango yana bukatar irinsu tun dattawa na nan da rai.

Allah ya saka musu da alheri, amin.