Ko Kun Sani? Da Guntun Takarda Ake Auna Ƙarfin Inzayim

Guntun takardar tacewa mai tsawon santimita 6, faɗin santimita 1 da nauyin kimanin miligiram 50 shi ne ma'aunin da masana kimiyya suka amince da shi wajen gwada ƙarfin selules, wato inzayim ko sinadarin halitta mai narkar da zaren tsirrai ya mai da shi sukari. A ƙa'idar da ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, ta fitar a 1987, ana nannaɗe takardar Whatman mai lamba 1 a jefa ta cikin kwalbar gwaji tare da inzayim ɗin da ruwa mai ɗan tsami, sannan a bar su sa'a guda a zafin digiri 50 na ma'aunin Salshiyos. Daga nan sai a zuba sinadarin DNS mai launin rawaya a tafasa na minti 5, kuma gwargwadon yawan sukarin da ya fito, gwargwadon yadda ruwan zai rikiɗe ya koma ja mai duhu, wanda na'urar auna haske ke tantance zurfinsa. Abin da ake nema shi ne sirkin inzayim da zai fitar da miligiram 2 na gulukos, wato kashi 4 cikin ɗari na takardar. An zaɓi takardar ne saboda kusan dukkanta selulos ce, asalin zaren tsirrai, mai sassa masu tauri da masu laushi, don haka ba ta narkewa sosai sai dukkan rukunan inzayim ɗin sun yi aiki tare.