Abin da Adarawa Za Su Nema a Fim ɗin Dune na Uku

Akwai wani wuri a fim ɗin Dune na 2021 da Stilgar, shugaban mutanen hamada, ya shigo fadar sabon basaraken da aka turo ƙasarsu. Bai rusuna ba, bai yi gaisuwa ba. Ya dubi mai gidan, ya tofa yawu a kan teburinsa. Dogarai suka zaburo, sai wani da ya zauna da mutanen ya tare su, ya ce wannan ai girmamawa ce. A ƙasar da ba a taɓa ganin ruwan sama ba, wanda ya ba ka danshin bakinsa ya ba ka abin da ya fi komai tsada a wurinsa.

Bahaushe zai yamutsa fuska, don a wurinmu tofa wa mutum yawu neman faɗa ne. Amma matar da ta tashi a kan duwatsun Buza, ta san sammako da jaki da jarkoki a watan Afrilu, ta san zaman jiran rijiya ta tsattsafo, ba sai an yi mata dogon sharhi ba.

Kamfanin Warner Bros. ya sa ranar 18 ga Disamba 2026 don fitar da kashi na uku na wannan fim, kuma masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe da zuba ido. Daraktan shi ne dai Denis Villeneuve, mutumin Kanada. Kashin farko ya ci dala miliyan 165, wato sama da sefa biliyan 90, ya kuma kwashi kyautar Oscar shida. Na biyu, wanda ya fito a 2024, ya tara fiye da dala miliyan 700 a gidajen silima. Da irin wannan riba ake iya cewa na uku ya riga ya haye, amma masu zuba kuɗi a wannan harka sun sha ƙuna a baya.

Littafin Frank Herbert da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, wanda ya fito a 1965, ya taɓa kayar da babban darakta. A 1984 David Lynch ya kashe kusan dala miliyan 40 ya cusa labarin duka cikin fim guda. Ya cukurkuɗe har sai da wasu gidajen silima suka riƙa raba wa ƴan kallo takardar ma'anar kalmomi a bakin ƙofa, kamar masu shiga jarrabawa. Kuɗin bai dawo ba, Lynch kuma ya juya wa fim ɗin baya har ƙarshen rayuwarsa. Kamfanin Disney ya fi shi shan kashi a 2012 da John Carter, wanda aka ɗauko daga labarin yaƙe-yaƙen duniyar Mars da Edgar Rice Burroughs ya fara bugawa a 1912. Kamfanin da bakinsa ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 200. Cikin shekara ɗarin da littafin ya yi yana jira, masu fina-finai irin su Star Wars da Avatar sun riga sun yagi rabonsu daga cikinsa, sai ƴan kallo suka ga uban suka ce ai ɗan ya kwaikwaya.

Labarin Dune a taƙaice shi ne, akwai wata duniya mai suna Arrakis da babu komai a cikinta sai rairayi. A ƙarƙashin rairayin akwai tsutsotsi da tsawon wasu ya kai mita 400, a samansa kuma akwai wani gari mai ƙamshin kirfa da ake kira yaji, wanda in babu shi jiragen sama jannati ba sa iya ƙetare taurari. Manyan dauloli na kashe juna a kan yajin, ƴan ƙasa kuwa, Firemen, suna cikin kogo suna ƙirga ɗigon ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, ya san kamannin wannan zance. Tun 1971 ake haƙar ma'adinin da ya daɗe yana haska biranen Faransa a can arewa, alhali ƙauyuka da yawa na kwana da cocila.

Sai dai dangantakar littafin da ƙasar Adar ta fi ta ma'adini zurfi, kuma ta faro ne daga inda ba a zata ba. A 1957 Herbert ɗan jarida ne. Ya je garin Florence a jihar Oregon ta Amurka don ya rubuta rahoto a kan tuddan rairayi da ke tafiya suna binne hanyoyi da gidaje, da yadda ma'aikatan gona na gwamnati ke shuka wata ciyawa mai taurin rai don su tsayar da su. Rahoton bai taɓa fita ba. Abin da ya fito bayan shekara takwas shi ne Dune, bayan masu ɗab'i sama da ashirin sun ƙi shi, har kamfanin Chilton, wanda aka sani da littattafan koyon gyaran mota, ya karɓa. Herbert ya sadaukar da littafin ga masu aikin raya busasshiyar ƙasa a duk inda suke.

Da ya zo Keita, da ya same su. A 1984 ɗin da fim ɗin Lynch ke faɗuwa a Amurka, Nijar na cikin yunwar da mutane suka raɗa wa suna El Buhari, don a lokacin Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. A shekarar ne aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM. Ƙasar ta koma fako, ruwan sama in ya sauka sai ya gangara da gudu ya tsaga kwazazzabai ya tafi da ƙasar noma. Maza sun tafi bida Najeriya da Abijan da Libiya. Mata ne suka fi yawa a filin aiki: su fasa dutse, su ɗauko a ka, su jera shi layi-layi a gangaren tsauni don ya rage wa ruwa gudu, su haƙa ramuka a ƙasa mai tauri kamar siminti, su dasa itace, a sallame su da hatsi da mai. Inda rairayi ke tafiya, a kafa masa darnin karan gero gida-gida kamar dara, a yi shuka a tsakani. Cikin kimanin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da sama da hekta 30,000.

A kwarin Maggiya ta wajen Buza an riga su farawa. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa dogon yaro layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin wannan jeri da wancan, don su karya iskar hunturu da ke kwashe ƙasar gona da iskar farkon damina da ke binne shuka tun tana ganye biyu. Manoma sun ga bambanci a damin gero, suka kuma samu itacen girki da azara daga sassaben rassan.

To wannan shi ne zuciyar littafin Herbert. Mutanen Firemen ɗinsa mayaƙa ne, amma babban sirrinsu shuka ce. Wani masanin ƙasa mai suna Kynes ya koya musu su fara da ciyawa a gefen tudun da iska ba ta duka, in ta kama ta riƙe rairayin sai a kawo mai dogon saiwa, daga nan ƙananan dabbobi. A gindin kowane tsiro akwai ɗan abin tara raɓa. Suna da tarkunan iska da ke tatso danshi su tara shi a tafkunan ƙarƙashin ƙasa, ba mai taɓa ko kofi guda ko da ƙishirwa za ta kashe shi. Har cin hanci suke ba masu jiragen sama da yaji, don kada a ɗora tauraron ɗan'adam a saman kudancin ƙasar a ga korayen da suke ɓoyewa. Lissafinsu shekara ɗari uku zuwa ɗari biyar ne, wato wanda ya dasa ya san ko jikansa ba zai sha inuwar ba.

Fina-finan Villeneuve biyu sun ratsa ta gefen wannan suka wuce. An nuna dabinai ashirin da ake shayarwa a fada alhali talaka na kallo, an nuna tsohuwar tashar bincike, an nuna tafkin da ake zuba ruwan jikin mamata. Amma hannu riƙe da dashe, da ƙyar mai kallo zai tuna ya gani. Dalilin a fili yake. Hawan tsutsa ya fi sayar da tikiti, kuma ba wanda zai zuba dala miliyan 190 don ya nuna mata suna jera duwatsu a rana. Duk da haka an yi asara, domin an mayar da manoma masu dogon haƙuri ƴan tawaye kawai, kuma wanda ya san Keita zai ji giɓin fiye da mai kallo a Landan.

Abu na biyu da za a sa wa ido ya fi wannan nauyi. Herbert ya cika littafinsa da Larabci. Jarumin, Paul Atreides, baƙo ne ɗan sarauta da ya gudo cikin hamada, ya hau tsutsa, ya kamu da son ƴar ƙasa, ya zama shugaba. Mai tuna Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu zai yi murmushi a nan. Mutanen hamadar suna kiran sa Mahdi, suna kiran sa Lisan al-Gaib, kuma a littafin yaƙin da aka yi da sunansa jihadi aka kira shi, kalmar da fina-finan suka kauce wa. A cikin labarin wata ƙungiyar mata ce ta shuka wannan tsammani a zukatan mutanen tun ƙarnoni da suka wuce, don ya yi mata amfani wata rana. Musulmi da yawa ba za su ji daɗin ganin an ɗauki sunan da ke cikin aƙidarsu an yi wannan wasa da shi ba, kuma an yi ta sukar masu fim ɗin cewa sun ari sutura da harshen Larabawa da Buzaye, amma manyan taurarin Timothée Chalamet ne da Zendaya da Javier Bardem.

A wannan yanki zancen Mahdi ya taɓa cin rayuka. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, da fartanyu da gatura suka tarwatsa rundunar Ingila suka kashe Turawa uku. Cikin jagororinsu akwai Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ɓangaren Faransa bayan an murƙushe irin wannan yunƙuri a Kobkitanda. A watan Maris sojoji suka dawo da bindiga mai ruwan harsashi, aka kashe mutane wajen 2,000, aka shafe garin.

Kashi na uku daga littafi na biyu aka ɗauko shi, Dune Messiah na 1969, inda Herbert ya nuna ƙarara cewa Paul ba gwanin da za a yi wa tafi ba ne. Shekara goma sha biyu bayan ya hau mulki, yaƙin da ake yi da sunansa ya ci rayuka biliyan 61. Tsofaffin mayaƙan da suka samu gidaje da ruwa a birni suna kewar kogonsu, wasu har sun shiga ƙulla masa makirci. A ƙarshe ya makance, ya shiga hamada shi kaɗai kamar yadda al'adarsu ta tanadar wa makaho. Littafi ne siriri, mai yawan zance a ɗaki, ba yaƙe-yaƙe sosai, kuma masu karatu da dama sun tsane shi da ya fito. Ga shi Villeneuve ya riga ya canja hanya: a ƙarshen kashi na biyu Chani, masoyiyar Paul, ta yi fushi ta tafi, alhali a littafin ta zauna. Abin jira a gani shi ne ko masu kuɗin za su bar tauraronsu ya ƙare a wulaƙance kamar yadda marubucin ya so.

A 1969 ɗin nan dai, shekarar da aka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Ashe Hausa ma tana da nata tun da daɗewa. Tawa kuma ta yi nata gwanin. Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, ya koyi fim ɗin zane a hukumar fina-finai ta Kanada, inda shi ma Villeneuve ya yi ɗaya daga fina-finansa na farko bayan shekara kusan talatin. Ya yi Tula, daga labarin Bubu Hama, a kan fari da budurwar da aka miƙa wa macijin ruwa. A shekarunsa na baya ya zauna Tawa yana riƙe da otal, ya mayar da wasu ɗakunan wurin aiki, inda yake motsa ƴan tsanan kwaɗi kaɗan-kaɗan a gaban kyamara. Ɗaya daga fina-finansa, Kokowa, gasar kokawar kwaɗi ce da makaɗa da ƴan kallo.

An shirya Dune don allo mai tsayin bene, amma a Madawa ta hannun masu tura fina-finai a waya zai iso, a rumfar caji ta bakin kasuwa, a kalle shi mutum huɗu kan allo ɗaya bayan an gama lodin albasa. In masu fassara na Kano irin su Algaita suka ɗora masa murya, Mahdi da Lisan al-Gaib ba za su ba su wahala ba. Inda za su yi gumi shi ne rigar Firemen, wadda ke tattara zufa da fitsarin mai sanye da ita, ta tace, ta mayar masa ruwan sha ta wani ɗan bututu a gefen baki. Kafin a wuce wurin, cikin mutum huɗun nan sai an samu wanda ya ce a tsayar, ya tambaya ko wannan ruwa yana alwala.