Yadda Kamfanin Kia Ya Gwada Ƙwanji Da Motocin Jamus

A watan Janairu na 2017, a wajen baje kolin motoci na birnin Detroit da ke Amurka, kamfanin Kia na Koriya ta Kudu ya gabatar da wata mota mai suna Stinger. Kamfanin da aka sani da ƙananan motoci masu araha irin su Rio da Picanto, waɗanda suka cika titunan Nijeriya, ya shiga kasuwar motocin ƙasaita masu tsananin gudu, inda BMW da Audi da Mercedes-Benz suka daɗe suna cin karensu babu babbaka.

Idan dai za a iya tunawa, Kia ya durƙushe a 1997 lokacin matsin tattalin arzikin Asiya, Hyundai ya saye shi a 1998. Dalilin wannan sabon yunƙuri kuwa a fili yake: ribar ƙaramar mota ba ta taka kara ta karya ba, a motar masu hannu da shuni ake samun romo.

Don haka kamfanin ya nemi ƙwararru a gidan abokan hamayyarsa. Peter Schreyer, wanda ya yi suna a Audi, shi ya jagoranci zanen motar, yayin da Albert Biermann, wanda aka ɗauko daga sashen motocin gudu na BMW, ya kula da aikin injiniya. An yi ta gwada ta a filin tsere na Nürburgring a Jamus. Babban injinta mai lita 3.3 yana da ƙarfin doki 365, yana tura ƙafafun baya kamar na BMW, kuma tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Ga farashi ƙasa da na takwarorinta. Hatta 'yan sandan jihar Queensland ta Ostireliya sun ɗauke ta don sintiri a 2018.

Sai dai yabon masana bai zama ciniki ba. A Amurka ba a sayar da ko 20,000 ba a 2018. Mai kuɗi ba gudu kaɗai yake saye ba, yana sayen tambarin da maƙwabci zai gani a ƙofar gida, kuma a nan ne sunan Kia ya gaza. Bugu da ƙari, hankalin masu saye ya riga ya koma kan motocin jif. A 2023 aka daina ƙera ta, bayan an yi bankwana da samfuri na musamman guda 1,000.

Hyundai kuwa ya bi hanyar da Toyota ya bi a 1989 da Lexus: ya kafa suna dabam, Genesis, a 2015. Motarsa G70, wadda ƙirarta ɗaya da Stinger ta ƙarƙashi, ita ta ci lambar gwarzuwar mota ta Arewacin Amurka a 2019.