Jinyar Zukatan Matan da Rikici Ya Raba da Gidajensu

Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, mata da dama da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri suke fama da firgici, wato ciwon ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan ganin tashin hankali, wanda kan hana mace barci ko ya sa ta zabura da jin ƙarar babur. Jinyarsa takan fara da zaman tattaunawa a keɓe, inda ƙwararriya ke sauraronta da Hausa ko Barbarci, ba tare da tilasta mata fallasa abin da kunya ta lulluɓe ba. Gidauniyar Neem, wadda Dakta Fatima Akilu ta kafa, tana kai wannan taimako har cikin garuruwa, amma ƙwararrun sun yi kaɗan matuƙa.