Daɓen ɗaki

Siminti na da tsada. Shi ya sa waɗansu ke shimfiɗa takardun buhun siminti a ƙasan ɗaki. Amma gara na cinye takarda, damshi kuma na ruɓar da ita. Daɓe ya fi ƙarko.

Ranar daɓe mata ke yin gayya. Su baza jar ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa. In ƙasa ta kwanta, sai su zuba ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Shi ke sa daɓe ƙarfi da sheƙi. Ba a taka shi sai ya bushe.

Daɓaɓɓen ɗaki ba ya ƙura, kunama kuma ba ta samun maɓoya.